Harbin Nesa da Bin Sawu

 

A ƙasar Ghana, ranar 1 ga watan Disamba ce ƙarshen wa'adin hana farauta, wanda yakan fara tun 1 ga Agusta domin a bar namun daji su haihu su yi reno. Daga wannan rana mai lasisi yana iya saɓa bindigarsa ya nufi daji, kuma daga nan har faɗuwar ruwan farko, hirar zaure a zangunan Salaga da Yendi da Bawku ba ta rasa zancen nama. Sai dai a 'yan shekarun nan wani sabon zance ya shigo cikin hirar ta wayoyin samari, wato bidiyon maharban Amurka. Za a ga mutum kwance rub da ciki a kan dusar ƙanƙara a gefen dutse, ya kafa bindiga mai madubin hangen nesa, ya saki harsashi, can a ƙetaren kwazazzabo, nisan mita 700 ko 800, sai wata ƙatuwar dabba ta durƙushe. Yara su yi sowa, sa'an nan su dubi bindigar kakansu da ke rataye a bango da idon raini. Ina ganin ya dace a zauna a yi wa wannan bidiyo karatun tsanaki, domin akwai abubuwa masu nauyi da ba ya nunawa, kuma mafi yawansu malamanmu sun yi magana a kai tun kafin a ƙera bindiga.

Dabbar da ake harbin ita ce Amurkawa ke kira elk, Faransawa kuma wapiti. Dangin barewa ce, amma babban namijinta yakan haura kilo 300, yana ɗauke da ƙaho mai rassa kamar busasshen itace, wanda yake zubarwa kowace shekara wani ya tsiro. Mazauninta jerin duwatsun Roki ne, a jihohi irin su Kwalorado da Montana da Wayomin da Aidaho. Lokacin zafinsu tana kiwo can sama, amma idan Nuwamba da Disamba suka kama, ƙanƙara ta binne ciyawa, sai yunwa ta koro garke zuwa gangare. Wannan shi ne ƙarshen lokacin farautarsu, kuma shi ne mafi wuya. Dabbobin sun sha harbi tun Satumba, sun yi wayo, suna tsayawa a fili inda idanu da yawa ke gadin juna, ga ƙanƙara tana ƙara a ƙarƙashin takalmi duk taku ɗaya. Saboda haka, in za a yi adalci, mai harbin nesa yana da hujjarsa: sau da yawa ba shi da hanyar matsawa kusa.

To, amma nisa yana da nasa lissafi, kuma lissafin ba ya sanin jarumtakar kowa. Harsashin irin waɗannan bindigogi yana barin baki da gudun kimanin mita 850 zuwa 900 a sakan ɗaya, amma tun daga fitarsa iska ke rage masa gudu, ƙasa kuma tana jawo shi. Kafin ya kai mita 500 ya shafe fiye da rabin sakan, ya kuma zame ƙasa da inda aka auna da fiye da mita 1. A mita 800 tafiyar ta haura sakan ɗaya, zamewar kuma ta haura mita 4, wato sai maharbi ya ɗaga saitinsa sama da dabbar da tsayin da ya fi na katangar gida. Iska matsakaiciya, mai gudun kilomita 16 a awa, wadda ba ta fi kaɗa bakin riga ba, tana iya ture harsashi gefe da kusan rabin mita a nisan mita 500. Iskar da ke wurin maharbi kuwa ba lalle ita ce ke tsakiyar kwazazzabo ba. Tsawon dutse yana canja lissafin domin iskar sama ba ta da kauri, sanyi yana canja shi, harbi gangare ko hawa ma yana canja shi. Shi ya sa suke yawo da na'urar auna nisa da na'urar auna iska da ɗan kwamfuta mai fitar da saiti.

Duk wannan ɗawainiya ana yin ta ne domin a sami makasa, wato huhu da zuciya, wadda faɗinta bai wuce babban faifai ba. Akwai kuma abu ɗaya da babu na'urar da ta san shi: niyyar dabbar. Idan ta ɗaga ƙafa ta yi taku guda a cikin wannan sakan da harsashi ke tafe, abin da aka auna wa ƙirji sai ya faɗa tumbi ko cinya. Wanda ya yi irin wannan harbi ba ya ɗora bidiyonsa a intanet. Ba a kuma nuna mana cewa bayan harbin sai maharbi ya gangara kwazazzabon ya hau ɗaya gefen, tafiyar awa ɗaya ko biyu cikin ƙanƙara, a watan da rana ke faɗuwa tun wajen ƙarfe biyar. Su kansu Amurkawan ba su haɗu a kan abin ba. Tsohuwar ƙungiyar maharbansu, Boone and Crockett, wadda Tiyodo Rusbelt ya kafa a 1887 kafin ya zama shugaban ƙasa, ta bayyana damuwa cewa idan nisa ya kai inda ido da hanci da kunnen dabba ba su da sauran amfani wajen kare ta, to abin ya tashi daga farauta ya koma gwajin saiti.

Mu a nan, abin da ya fi kusa da wannan dabba a girma shi ne gwanki. Shi ma babbansa yakan doshi kilo 300, ga dogayen kunnuwa, ga fuska mai zanen baƙi da fari, ga ƙahoni da suka lanƙwasa baya. Maharba sun san cewa gwanki mai rauni abin tsoro ne, domin yakan durƙusa ya yi ta sara da ƙaho. Amma da me kakanninmu suka tunkare shi, shi da kanki da gwambaza da ɓauna? Da baka da kibiya, daga baya da bindigar toka wadda maƙeri ya ƙera, mai cin albarushi ta baki, wadda ba a amince mata fiye da taku 30 ko 40, kuma in ta tashi sau ɗaya sai an zauna an sake ɗura ta. Mai irin wannan makami dole ilminsa ya koma ga sanɗa. Zai debi toka ko ƙura ya sake ta ya ga inda iska ta nufa, ya zagaya ya biyo ta ƙarƙashinta. Zai ɗaura kan burtu a goshinsa, ya lulluɓa da baƙin zane, ya yi ta rarrafe yana sunkuyar da kai kamar tsuntsun yana kiwo, har ya shiga tsakiyar garke. Abin alfaharin maharbin da shi ne kusancin da ya samu, har a ce wane yana jin tuƙar dabba kafin ya saki kibiya. Wanda ya isa wannan wuri ya san abin da yake harbi, namiji ne ko mace, mai ciki ce ko mai goyo, ya kuma ga inda makaminsa ya shiga.

A nan ne maganar ta shafi kowane gida, domin nama ba ya shiga tukunyar Musulmi sai ta ƙofar halas. Aya ta 4 a Suratul Ma'ida ta halatta abin da dabbobin farauta masu horo suka kamo, da sharaɗin ambaton sunan Allah. A hadisin Adiyyu ɗan Hatim, wanda Buhari da Muslim suka ruwaito, an bambanta tsakanin makamin da ya huda ya zubar da jini da wanda ya kashe da bugu kawai: na farko ana ci, na biyu mushe ne. Da bindiga ta zo sai malamai suka yi saɓani, domin magabata ba su san ta ba. Shehu Dasuƙi, malamin Azhar da ya rasu a 1815, ya kawo wannan saɓani a hashiyarsa, inda waɗansu suka hana bisa ƙiyasi da dunƙulen laka da ake harbawa, waɗansu kuma, irin su Shehu Abdulƙadir na Fas, suka halatta domin dalma tana hudawa, tana zubar da jini, tana kuma gaggauta mutuwa. A kan halascin aka zauna, da sharaɗin a yi bisimilla lokacin harbi.

Sai dai halascin harsashi bai ɗauke wa maharbi sauran sharuɗɗa ba, kuma su ne suka ci karo da harbin nesa. Duk wanda ya karanta Risala a zaure ya san cewa idan ka tarar da abin da ka harba da sauran rai, makaminka kuma bai riga ya sami makasa ba, to ba ya ciwuwa sai ka yanka. Muhtasar na Shehu Halil ya ƙara tsanantawa: wanda ya yi sanyin jiki wajen bin abin da ya harba har ya mutu, bai ci ba, sai fa in ya tabbata ko da ya yi sauri ba zai riske shi da rai ba. Haka wanda ya bar wuƙarsa a hannun wani ko a ƙasan jaka, har jinkirin ɗauko ta ya sa dabbar ta cika. A duba yadda fiƙihu ya bi maharbi har cikin jakarsa! Sa'an nan ga mas'alar kwana. Mashahurin zance a mazhabar Malik shi ne abin da ya ɓace maka har ya kwana ba a ci, ko da yake Risala ta kawo wani ƙaulin da ya sauƙaƙa idan an tarar da kibiya a makasa, kuma waɗansu mazhabobin sun yi rangwame fiye da haka bisa hadisan da suka yarda a ci bayan kwana ɗaya ko fiye, matuƙar babu alamar wani abu ban da makaminka, naman kuma bai ɓaci ba. Abin lura shi ne shawarar da maharban Amurka ke ba juna idan harsashi ya sami ciki: kada a bi nan take, a bar dabbar ta kwanta ta yi sa'o'i, ko ma a bari sai da safe. Ta fuskar dabara suna da gaskiya, domin mai rauni in an kore shi yakan yi nisa. Ta fuskar littattafan da muka tashi da su kuwa, wannan jira shi ne ainihin wurin shakka.

A fahimtata, duk waɗannan hukunce-hukunce suna komawa ga abu guda, wato harbi alkawari ne na bin sawu. Bahaushe ya ce kowa ya ci zomo ya ci gudu. Iyakar nisan da ya dace mutum ya yi harbi shi ne nisan da ƙafarsa za ta iya rufewa da wuƙa a hannu kafin rai ya fita ko duhu ya shiga. Risala dai ta ce farauta don nishaɗi kawai makaruhi ce, balle a ce nishaɗin ya bar dabba tana jan hanji a daji har kura ta ƙarasa ta.

Mu ma muna da namu ƙarshen lokaci, kuma ya fi nasu rashin afuwa. Su ƙanƙara ce ke koro dabba daga dutse, mu ƙishirwa ce ke tara ta. Kogin Daka, wanda ya ratso ta yammacin Yendi ya gangara ƙasar Gwanja ya faɗa tafkin Bolta, idan rani ya yi nisa yakan tsinke ya koma kududdufai, kuma duk mai rai dole ya zo mashaya. An riga an ƙone ciyawa, babu maɓoya. Mai son harbin nesa zai ce ai ga fili ya samu. Amma hazon hunturu yakan rufe abin da ke nesa, in bazara ta shigo kuma kawalwainiya ta sa kome rawa a ido. Ƙanƙarar Amurka tana riƙe sawu da ɗigon jini ƙarara, sanyinta kuma yana ba nama lokaci. Tamu ƙasar ta bushe kamar dutse, sai inda toka ta kwanta ake samun sawu, shi ma iska ta share shi kafin azahar. A watan Maris da Afrilu zafi yakan haura digiri 40 a Bawku da Yendi, dabbar da ba a farke ta da wuri ba kuwa kumbura za ta yi, ungulu su riga mai ita.

Akwai kuma maganar abin da ke bayan dabbar. A cikin duwatsu, harsashin da ya kuskure yakan nutse a jikin gangaren da ke baya. Mu kuwa, in ka cire gangaren Gambaga, wanda matafiyi daga Yendi zuwa Bawku ke sauka a Nakpanduri, ƙasarmu shimfiɗe take kamar tabarma. Harsashin babbar bindiga yana iya tafiyar fiye da kilomita 3 in babu abin da ya tare shi, kuma a cikin wannan tazara akwai makiyayi da shanunsa, akwai mata masu itace da masu roron ɗorawa, akwai yara a hanyar rafi. Ko da bindigar da ba ta da nisa, muna jin labarin maharbin dare da ya haska tocila ya ga ƙyallin ido ya harbi ɗan'uwansa mutum. Malamai sun sharɗanta cewa maharbi ya nufi abin da ya san halas ne. Wanda ya harbi duhu-duhu yana zaton dutse ne ko wani abin da ba a ci, sai ya zamo gada, bai ci ba.

Tambayar da ta fi waɗannan zafi ita ce, ina ma gwankin yake? Yau wanda ke son nuna wa 'ya'yansa gwanki sai ya ɗauke su zuwa gandun dajin Mole, kusa da Damongo da Larabanga, ko gandun Gbele, kuma a Mole ba a harbin kome. Kafin a keɓe Mole a 1958, Turawan mulki sun yi shekaru suna karkashe namun dajin yankin da gangan, da zaton haka zai kawar da ƙudan tsando. A 1971 aka mai da shi gandun ƙasa, kuma a shekarar ce aka fitar da dokokin da suka tsara watannin hani da lasisi, suka hana farauta da fitila, suka kuma hana taɓa ƙananan dabbobi da uwa mai tafe da ɗanta a jinsuna da dama. Duk da haka, wani bincike da mujallar Science ta buga a 2004, wanda ya bi rahotannin masu gadin gandaye shida na Ghana daga 1970 zuwa 1998, ya nuna cewa yawan namun daji na jinsuna 41 ya ragu da kashi 76 cikin 100. Binciken ya kuma gano cewa shekarun da kifi ya yi ƙaranci a kasuwa su ne farauta ta fi tsananta, abin da ke nuna cewa tukunya ce ke tura yawancin mutane daji. A 2023 majalisar Ghana ta zartar da sabuwar dokar namun daji, wadda ta ƙarfafa ikon al'ummomi na kula da dajin da ke kewaye da su.

Amurkawa ma sun taɓa kai tasu dabbar bakin ƙarewa. Daga miliyoyi, farkon ƙarni na 20 ya same ta ba ta kai 100,000 ba. A 1912 aka keɓe mata wurin cin sanyi a Jakson ta jihar Wayomin, a 1937 kuma aka yi dokar da ta karkata harajin bindigogi da harsasai zuwa kula da namun daji. Aka ƙayyade wa kowane maharbi adadi da takardar izini, jihohi suka mai da barin nama ya lalace a daji laifi, har ta kai mutum yakan yi sawu uku ko huɗu yana goyo naman a bayansa daga kan dutse. Yau dabbar ta koma wajen miliyan ɗaya. Wannan ɓangare na labarin shi ne ya cancanci samarinmu su yi sha'awa, amma shi ne ba ya shiga bidiyo, domin takardar izini da ƙidayar garke ba su da daɗin kallo.

Mutanen Yendi kuwa ba sa bukatar a koya musu abin da nisan bindiga ke nufi. A ranar 4 ga Disamba 1896, a Adibo da ke kudu da garin, dubban mayaƙan Dagomba masu bindigar toka da baka suka fuskanci 'yar ƙaramar rundunar Jamus mai bindigogin zamani. Aka yi ta zubar da su tun kafin su kai inda makamansu za su yi aiki, daga nan Jamusawa suka shiga Yendi suka sa mata wuta. Bindiga mai dogon zango ta shigo wannan ƙasa ne a matsayin kayan yaƙi, kuma har yau ba ta rabu da wannan suna ba. Rikicin 1994 ya taɓa yankunan Salaga da Yendi, a Bawku kuma tun ƙarshen 2021 an sha sanya dokar hana fita tare da haramta ɗaukar makami. Uban da ɗansa ya fara zancen mallakar irin bindigar bidiyo, ya kamata ya tuna masa cewa a waɗannan garuruwa ba wanda zai gan shi da ita ya yi zaton gwanki zai nema. Ko bindigar farauta ta yau da kullum sai da rajistar 'yan sanda, sai kuma lasisin hukumar namun daji kafin a shiga da ita daji.

Saura iyayenmu mata, waɗanda naman ke ƙarewa a hannunsu. Idan an kawo naman daji ƙofar gida ko an gan shi a kasuwa, banda ne ko ɗanye, babu kunya a tambayi wanda ya harbo shi, da ko an yanka, da ko tarko ne ya shaƙe shi, domin abin da ya mutu a tarko ba a yanka ba mushe ne. A guji wanda ba a san asalinsa ba, saboda akwai masu zuba guba a mashaya. A cikin watannin hani, daga Agusta zuwa farkon Disamba, gyazbi ne kaɗai aka yarda a kama, shi ma da lasisi. Wurin da harsashi ya shiga kuma a yanke shi da yalwa a zubar, a tsince ƙwayoyin dalma kafin a ɗora tukunya, musamman in yara da masu juna biyu za su ci. Harsashi mai tsananin gudu yakan tarwatse cikin tsoka ya bar ɓurɓushin da ido ba ya gani. Jihar Kalifoniya ta hana farauta da harsashin dalma gaba ɗaya tun 2019, mu kuma mun ga abin da gubar dalma ta yi wa yara a ƙauyukan Zamfara a 2010.